Ɗan mashayi ba shi ya sha ba

A watan Fabrairun 2022 Hukumar Hisba ta Jihar Kano ta tara kwalaben giya kusan miliyan huɗu a Tudun Kalebawa, cikin Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, aka sa katafila ta bi ta kansu. An yi kabbara, an ɗauki hotuna. Kafin gari ya waye an koma tsohuwar gardama: 'yan Kudu na cewa ku masu fasa kwalba ai kuna karɓar kasonku na harajin VAT da aka tara daga giya, 'yan Arewa na cewa dokarmu ce, ina ruwanku. Duk lokacin da aka fasa sai an yi wannan musayar, kusan da kalmomin bara.

Ba wannan gardamar ta kawo ni ba. Giya haramun ce, ban taɓa ɗanɗana ta ba, kuma da za a kwashe ta daga doron ƙasa gobe da safe ni ne farkon mai murna. Abin da ya dame ni shi ne mun yi wa kwalba tanadi, mun yi wa mai shan ta tanadin wa'azi da bulala, amma yaron da ke jiran mai shan a gida ba mu tanadar masa komai ba, in ban da suna. Ni ɗan mashayi ne. A Tudun Wadan Kaduna na tashi, mahaifina makanikin injin saƙa ne a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, kuma ya rasu, Allah Ya gafarta masa. Na san wasu za su ce wannan rubutun tonon asirin mamaci ne. Zan zo kan wannan.

Abin da ɗan mashayi ke fara ƙwarewa a kai, tun bai kai ga haddace Fatiha ba, shi ne sauraro. Baba na da Vespa. Tun daga bakin layi muke gane ƙararta, kuma daga yadda ta tsaya muke sanin irin daren da za a yi. In ya kashe ta a ƙofar gida ya turo ta cikin zaure, to lafiya, wataƙila ma akwai tsire a leda. In ya bar ta tana kuka, ko muka ji ta gogi bango, sai Inna ta miƙe ba tare da ta ce komai ba, ta kora ƙannena ɗakinta, ta rage fitila. Mu manya mu kwanta mu rufe ido kamar masu barci. Har yau, da furfura a gemuna, in na ji an buga ƙofa da ƙarfi bayan isha'i sai gabana ya faɗi, alhali gidana ne, kuma ba na bin kowa bashi, ba a bi na.

A gidajen maƙwabta ƙarshen wata lokacin murna ne, ana dafa shinkafa da nama. Mu a wurinmu ranar albashi ita ce ranar fargaba. In ya iso gida da wuri, Inna ta samu ta karɓi na masara da na haya. In ya biya ta wajen abokai, sai abin da ya rage a aljihu, wanda ita za ta lalube bayan barci ya kwashe shi. Da ƙuli-ƙuli da adashi ta riƙe gidan. Kuɗin makarantarmu a cikin wata tsohuwar kwalla suke kwana, ƙarƙashin zannuwan da ba ta ɗaurawa, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai ta sauya musu wuri.

Sai ƙarya. Wannan ita ce sana'ar farko da aka koya mana, ba da mugun nufi ba. In aka yi sallama da Baba da safe, amsar a shirye take: yana barci, bai ji daɗi ba. In malamin makaranta ya tambayi dalilin da ban zo da littafi ba, an manta ne. Shi ma Baba yana nasa ƙoƙarin, da goro da tomtom da kanumfari, har da turaren da yake fesawa a zaure kafin ya shigo. Inna kuwa kullum maganarta ɗaya, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

To amma wa muke ɓoye wa? Mai unguwa ya sani. Liman ya sani. Mai kantin da ke rubuta bashinmu a littafi ya sani. 'Yan acaɓar da kan kawo shi gida a riƙe, ni in fito in biya su, sun sani. Yaran layi sun fi kowa sani, domin su ne ke gaya mini a filin ƙwallo cewa jiya Babanku ya yi tatul, ya faɗa kwata. Babu mutum ɗaya a unguwar da rufin asirin nan ya hana shi sanin komai. Aikin da ya yi kawai shi ne ya ba manya damar yin shiru. Tunda mun ce lafiya lau, ba wanda ya wajaba a kansa ya tambaye mu ko mun ci abinci.

Ba ina raina sutura ba ne. Addini ya kwaɗaitar da rufa wa Musulmi asiri, kuma al'ummar da ba ta da kunya ba wurin zama ba ce. Sai dai malamai da kansu sun bambanta laifin da ya tsaya tsakanin bawa da Ubangijinsa da wanda ya taɓa haƙƙin wani. Mutumin da ya sha ya kwanta a ɗakinsa ya tuba da asuba, wannan a rufa masa. Wanda ya shanye kuɗin cefane, ya ɗaga hannu a kan matarsa, ya hana yara barci, wannan akwai masu haƙƙi a kansa, kuma in aka ce a yi shiru, su aka ce su biya. Yawancinsu ba su kai shekarun da za a nemi shawararsu ba.

Inna ta yi yaji, ba sau ɗaya ba. Kowane karo magana ɗaya ake mayar da ita da ita: ki yi haƙuri, ki duba 'ya'yanki, aure ibada ne. Kakana na wajen uwa mutum ne mai ilimi, ya san cewa a mazhabar Malikiyya da kotunanmu ke bi, mace na da ikon neman alƙali ya raba aure saboda cutarwa ko rashin ciyarwa. Ya kuma san cewa a wannan mazhabar uwa ce ke da haƙƙin renon ɗa namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare a gidan miji. Amma abin da ke cikin littafi daban, abin da ake yi a gari daban. A gari, in mace ta fita, 'ya'ya na gidan ubansu. Inna ta lissafa: in ta tafi ta tsira, mu kuma wa zai rage fitila? Ta dawo. Mutane suka yaba haƙurinta, kuma yabon nan shi ne duk gudummawar da ta samu daga mafi yawansu.

Kada a ɗauka Baba dodo ne. Da dodo ne da abin ya zo da sauƙi, sai mu ƙi shi mu huta. Shi ya koya mini karanta jaridar New Nigerian, yana bin layi da yatsa. Duk rediyon da ya lalace a layinmu wurinsa ake kawowa, ba ya karɓar ko kwabo. Na sha ganinsa bayan sallar asuba, ya daɗe a kan buzu yana share hawaye, ya rantse wa Inna cewa an gama. Kuma a lokacin da yake rantsuwar gaskiya yake faɗi. Yaro ba ya iya haɗa wannan mutumin da na daren jiya, sai ya nemo wa kansa bayani, bayanin da ya fi kusa kuwa shi ne laifinsa ne. Da na ci jarrabawa da bai sha ba. Da ban yi masa musu ba da bai fita ba. Na daɗe ina ɗaukar na ɗaya a aji saboda wannan lissafin banza, ba don son boko ba.

Bayan rikicin Kaduna na shekarar 2000 garin ya rabe gida biyu, Musulmi suka tattaru a arewacin kogi, Kirista a kudu. Wurin aikinsa da wurin shansa duk suna tsallaken gada. Daga nan fargabar ta ƙaru, domin ba faɗuwa a kwata kaɗai muke tsoro ba. Ni ne babban namiji, ni ake aikawa. Na san lungunan da ake dafa burukutu a Kakuri tun ina ɗan sakandare, kuma zan faɗi wani abu da ba zai yi wa wasu daɗi ba: matan da ke sayar da ita sun fi wasu dattawan unguwarmu tausaya mini. Wata daga cikinsu takan ce masa, Malam, ka tashi haka, ga yaronka ya zo, ta kuma ƙi ƙara masa ko ya miƙa kuɗi. Da masaƙu suka fara rufewa a farkon shekarun 2000, aikin ya tafi, Vespa ta tafi, shan bai tafi ba. Sai ya sauka daga giyar kwalba ya koma ogogoro, mai arha mai saurin kai mutum ƙasa.

Adabinmu bai manta da mashayi ba. Mu'azu Haɗeja ya yi waƙa sukutum a kan giya yana jan kunne, Mamman Shata kuma ya yi wa mashaya tasu, har yau ana sa ta. A finafinan Hausa mashayi ɗan ban dariya ne, ya shigo yana tangaɗi, ya tauna magana, ya zube. Na zauna a gidan kallo an yi ta ƙyalƙyala dariya, ni ma na buɗe baki don kada a gane ni. Kyamara ba ta taɓa bin sa zuwa cikin gida ta nuna wanda zai wanke aman ba.

Akwai abin da na so a ce wani ya gaya mana tun da wuri, shi ya sa zan tsaya a kansa. Duk azumi Baba yakan bari. Ranar ɗaya ga wata zai yanke shan gaba ɗaya, da kyakkyawar niyya. Kafin kwana ɗaya ya cika hannunsa ya fara karkarwa, gumi na karyo masa, barci ya ƙaurace. A wata shekara, a dare na uku, ya fara sambatu, yana ganin ƙwari na bin bango, yana cewa ga mutane sun shigo da wuƙa, daga baya ya faɗi yana jijjiga. Aka ce iska ce. Aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka shafa masa man habbatus sauda. Sai da na girma na san cewa likitoci sun san wannan yanayin sarai. Jikin da ya shekara da shekaru yana karɓar barasa kullum, ƙwaƙwalwarsa ta saba aiki a ƙarƙashinta, in aka janye ta farat ɗaya sai jijiyoyi su rikice, kuma tsakanin kwana biyu zuwa uku ne abin ya fi tsanani. Yana iya kisa. Akwai magungunan da ake ba mutum a asibiti don ya sauka a hankali cikin 'yan kwanaki. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa bai fi tafiyar bas ɗaya daga gidanmu ba, amma a bakin mutane sunansa asibitin mahaukata, wa zai kai ubansa can a ce ya haukace? Ba ina cewa a bar addu'a ba ne. Ina cewa limamin da zai hau mumbari a ƙarshen Sha'aban ya kira mashaya su tuba, ya kamata ya ƙara jimla ɗaya: wanda ya san kullum yake sha, ya ga likita kafin ya yanke.

Wani baffanmu ya taɓa kawo shawarar a kai shi gidan mari. Inna ce ta ƙi. Da 'yan sanda suka buɗe wani irin wannan gida a Rigasa a watan Satumbar 2019, suka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya, na kira ta a waya na yi mata godiya. Waɗanda suka kai 'yan'uwansu can ba duka ne mugaye ba. Sun gaji ne, kuma wannan ce ƙofar da suka ga za a shiga ba tare da an ce sun kai nasu asibitin mahaukata ba.

Lokacin biyan bashin da ba mu ci ba ya zo ne da Yayata ta isa aure. Mutumin kirki ya fito, an yi gaisuwa, an kai kuɗin na-gani-ina-so. Sai danginsa suka shiga binciken asali. Bayan mako biyu aka aiko cewa an yi istihara ba ta yi kyau ba. Kowa ya san istiharar. Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, wadda ko ƙofar gidan giya ba ta taɓa gani ba, aka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alƙur'anin da ta sauke ya maimaita a surori da dama cewa ba mai ɗaukar nauyin laifin wani. Kuma a lura, ba kowane mashayi ne ake yi wa 'ya'yansa wannan hukuncin ba. Akwai manya da ke sha a ɗakunan otal a Abuja, ko a falon sama na gidajensu, direba ya kai su ya dawo da su, kowa ya sani, kuma layi ake yi wajen neman 'ya'yansu. Wanda ya faɗi a kwata a gaban jama'a shi ne mashayi. Wanda yake da katanga mai tsawo, wannan Alhaji ne mai ɗan rauni.

Zan yi adalci ga masu tsoron haɗa zuri'a. Tsoron ba daga iska ya zo ba. Binciken da aka yi a kan tagwaye da kuma yaran da wasu iyaye suka rena ya nuna cewa kusan rabin saurin kamuwa da jarabar barasa gado ne. Ƙanena bai sha giya ba, ya tsane ta kamar ni, amma maganin tari mai kodin ya kama shi, tun kafin gwamnatin tarayya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018, kuma mun sha wuya kafin ya dawo hanya. To amma me wannan ilimin ke nema daga gare mu? In an san yaron nan yana cikin haɗari fiye da sa'o'insa, abin hankali shi ne a jawo shi kusa tun yana ƙarami. Mu kuwa sai mu bar shi shi kaɗai shekara goma sha biyar, iyaye na hana 'ya'yansu wasa da shi, ranar da ya faɗa kuma mu ce ai da ma mun faɗa.

A cikin Sahihul Buhari akwai labarin wani sahabi mai ban dariya da ake yi wa laƙabi da Jaki, wanda aka sha kawowa ana yi masa haddi saboda shan giya. Da wani ya tsine masa, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Hukunci ya hau kansa, amma ba a fitar da shi daga cikin mutane ba. Ban ji wannan labarin a wa'azi ba sai da na yi aure. In shi mai shan ba a yarda a tsine masa ba, ban san inda muka samo izinin ƙyamar ɗansa ba.

Wanda ya fi kowa taimakona wani tela ne a bakin layinmu. Bai taɓa ambatar Baba ba, bai taɓa yi mini nasiha ba. Wata rana da dare ya gan ni zaune a dakalin shagonsa, ya ce, kai yaro, ga mabuɗi, akwai tabarma bayan keke, duk ranar da kake son yin karatu cikin shiru ka zo. A shagon nan na yi shirin jarrabawar fita sakandare. Yanzu da nake koyarwa, nakan gane irinmu a aji ba tare da an gaya mini ba: mai gyangyaɗi a darasin farko, mai zabura in an ɗaga murya, mai cewa mahaifinsa ya yi tafiya duk ranar taron iyaye. Ba na tambayarsu abin da ke faruwa a gida, domin na san amsar da aka koya musu. Nakan tambaya ko sun karya.

A Amurka matar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar mashaya masu neman bari, Lois Wilson, ta lura cewa iyalan ma na buƙatar nasu zaman, ta kafa Al-Anon a 1951, daga baya a 1957 aka buɗe reshen matasa. Ba na tsammanin matar Bahaushe za ta zauna cikin baƙi ta zazzage cikinta, kuma ba sai mun kwafo ba. Muna da Islamiyyar matan aure a kowace unguwa, muna da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN tun 1985, Hisba kanta tana zaman sulhun ma'aurata kullum. Abin da ya rage shi ne a sa gidan mashayi cikin lissafi. In an kama mutum a buge, a tura mace daga cikin ma'aikata ta je ta ga matarsa da yaransa. In dangi za su taimaka, su kai kuɗin makaranta hannun makaranta, buhun masara hannun uwar gida. A kuma daina gaya wa yaro cewa biyayya ga iyaye ta haɗa da miƙa wa uba kuɗin da aka san inda za su. Na ciyar da Baba, na saya masa magani, na wanke shi da hannuna, amma tun da na fara ɗaukar albashi ban sake ba shi tsabar kuɗi ba, ya yi fushi, ya kai ƙarata wurin baffa, kuma ban canza ba. Lamarin ma ya fi na zamaninmu wuya, domin yanzu ba sai an tsallake gada ba. Barasar tana cikin 'yar leda a tasha, tana shiga aljihun riga, ita ce hukumar NAFDAC ta tashi hanawa a farkon 2024 aka yi ta ja-in-ja da kamfanoni.

Hanta ce ta kashe shi, cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi ɗorawa. A zaman makoki kowa ya faɗi alherinsa, kuma ba ƙarya suka yi ba. Da babban ɗana ya shiga sakandare na zaunar da shi na gaya masa komai, har da rediyo da jarida, har da Kakuri. Na ce masa akwai abin da ke bin jininmu, yadda ciwon suga ke bin wasu gidajen, don haka abin da abokinsa zai ɗanɗana ya wuce, shi ba lalle ya wuce ba. Da Inna ta ji sai da ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata yadda ta saba. Ta ce ita ta kwashe rayuwarta tana rufa wa mutumin nan asiri, ni kuma na zo na buɗe shi a gaban jikansa. Na ce mata, Inna, gara ya ji daga bakina da ya ji a filin ƙwallo. Ta ce yaran filin ƙwallon ai sun tsufa, ba mai tunawa. Har yanzu ba mu daidaita a kan wannan ba, kuma saura ƙannensa biyu da ban gaya wa ba tukuna.